Abdulmannan Mai Canza Ruwan Randa

A ofishinmu, idan ka ji an ce za a canza ruwan randa, kada ka waiga kana neman randa, don babu ita. Abin da muke da shi ɗakuna biyu ne a saman wani shagon takin zamani a Haɗejiya, da 'yan kwamfutoci, da fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama. Abdulmannan Inuwa ne ya laƙaba wa aikinsa wannan suna, sunan kuwa ya bi bakin kowa. Har shugabanmu Musaddiq, wanda ba ya son wasa a wajen aiki, ya wayi gari yana leƙowa yana tambaya, "An canza ruwan randa kuwa?"

Manhajar waya muke ginawa don mutanen fadama. Kowane ƙauye na bakin kogi yana da mutum ɗaya da ke aiko mana da inda ruwa ya kai, ita kuma manhajar ta haɗa, ta gargaɗi na ƙasa da su idan ruwa yana tafe. Ni Adila, ina cikin masu rubuta ta. Bayanan duka suna taruwa a wuri ɗaya da muke kira rumbun gaske, kuma ba a wasa da shi. Idan na rubuta sabon abu ina son in ga ko yana aiki, ba zan gwada shi a kan mutane masu rai ba, kada in aika wa rabin ƙasar Kaugama saƙon su tattara su gudu alhali ko yayyafi ba a yi ba. Shi ya sa muke da rumbu na biyu, rumbun gwaji. Kwafin na gasken ne, a can muke yin duk ɓarnar da muka ga dama.

Sai dai kwafi yana tsufa. Kogi ba ya jiran kowa, wannan makon yana nan, makon gobe ya ci gonar wani. Wanda ya gwada aikinsa da bayanan bara bai gwada komai ba. To, aikin Abdulmannan ke nan. Duk safiyar Alhamis yakan zubar da abin da ke cikin rumbun gwaji, ya ɗebo sabo daga na gaske, ya tace shi, wato ya cire sunayen mutane da lambobin wayarsu ya sa na bogi, sannan ya cika mana. Aiki ne da ba a gode wa mai yin sa. Idan ya yi daidai ba wanda ya sani, idan ya kuskure kowa ya san sunansa har da na kakansa. Shi kuwa yana yin sa da natsuwar da takan ba ni haushi, don ni mai gaggawa ce. Sai in tsaya a kansa ina cewa, "Malam, yau za mu sha ruwan nan ko sai gobe?" Ya ce, "Bari ya kwanta tukuna." Ko ɗago kai ba ya yi.

Dogon mutum ne siriri, ba shi da yawan magana. A Tudun Fannami aka haife shi, wani ƙauyen masunta can cikin fadama, inda hanya takan ƙare da damina sai kwale-kwale. Da bakinsa ya gaya mini cewa a duk 'ya'yan garin ba wanda ya kai shi rashin iya jefa koma. Ranar da ya jefa ta ta dawo ta lulluɓe shi, babansa Malam Inuwa ya dube shi ya ce wannan dai boko ne rabonsa, ya kawo shi Haɗejiya wajen wani ɗan'uwa. A nan ya yi makaranta har ya koyi kwamfuta a kwaleji. Amma duk hutu yana gida, kuma har yau idan ya ce gida, can yake nufi.

Mutanen Tudun Fannami suna da wata al'ada. A ko'ina idan aka gaishe ka da ruwa da damina, ka ce ya yi gyara, shi ke nan an wuce. Su ba haka suke ba. Da safe idan suka haɗu, sai ɗaya ya ce, "Ina ruwa?" ɗayan ya amsa da gaɓar jiki. Idon sawu, ƙwauri, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Gwiwa lafiya ce, a ci gaba da harka. Ƙugu, mata su ɗaga hatsi sama. Ƙirji, a ɗaure kwale-kwale a ƙofar gida. Kuma ba jikin kowa ake aunawa da shi ba, don gwiwar wani ƙugun wani ce. Jikin mutum ɗaya ne ma'aunin gari, kuma Malam Inuwa ne. Kullum bayan sallar asuba yakan gangara bakin kwata, ya shiga ruwa, ya jingina bayansa da wata giginya, ya duba inda ruwan ya tsaya masa, ya fito ya gaya wa na farkon da ya gamu da shi. Kafin rana ta ɗaga, gari duka ya ji.

Lokacin da aka fara gina manhajarmu, so aka yi masu ba da rahoto su riƙa aiko da mita da santimita. Abdulmannan ya ce a bar mutane su faɗi yadda suka saba, mu kuma mu ajiye tsawon kowane mai rahoto, na'ura ta yi lissafinta. Aka yarda. Malam Inuwa yana cikin waɗanda suka fara, da 'yar wayarsa a ƙulle cikin leda, rataye a wuya.

Sai ambaliyar 2022 ta zo. Wurare da yawa ruwan ya ci ya kuma janye, mutane suka koma suka gyara abin da ya gyaru. A Tudun Fannami ya zo ne ya zauna. Kogi ya sake hanya, ciyawar kacala ta toshe inda ruwan ya saba fita, garin ya zama tafki. Mutanensa suka watse, wasu Kafin Hausa, wasu Jahun, wasu inda Allah ya ajiye su. Malam Inuwa da matarsa Iya Zinariya suka dawo gidan hayar ɗansu a Haɗejiya. Tsohon bai ga daminar gaba ba. An ce hawan jini ne. Ni dai na gan shi sau ɗaya zaune a kan benci a ƙofar gida da sassafe, wando a naɗe har gwiwa, yana kallon masu babura suna wucewa, kuma tun ranar na san ba zai daɗe ba.

A rumbun gaske muna da ƙa'ida. Ƙauyen da ba kowa a ciki, ba kuma mai aiko da rahoto, bayan wani lokaci ana rufe shi, ya ɓace daga taswira. Haka aka rufe Tudun Fannami. Ba wanda ya yi maganar a ofis, don muna jin nauyin Abdulmannan. Alhamis ta zo, ya canza ruwan randarsa kamar kullum.

Bara Musaddiq ya ba ni wani sabon aiki. Mutanen da suka watse suna ta kiran waya suna tambaya ko garuruwansu sun koma zaunuwa. Ya ce in ƙara wa manhajar abin da zai gaya musu, kuma da murya, tunda da yawansu ba sa karatun boko. Idan ruwa bai wuce gwiwa ba, alamar garin ta zama kore, murya ta ce ana iya komawa. Na yi aikina, na kunna shi a rumbun gwaji, na buɗe taswira. Duk ƙauyukan wannan kwari ja suke, wasu ma babu su. A tsakiyarsu ga wani ɗigo kore shar, shi kaɗai. Na taɓa shi. Murya ta ce, "Tudun Fannami. Ruwa gwiwa. Ana iya komawa."

Da farko na zaci ni ce na yi shirme, na ɓata yini ina neman kuskurena. Da na gaji sai na buɗe umarnin da Abdulmannan ya rubuta wa na'ura na canza ruwan. A nan na gani. Ya ce mata ta zubar da komai ta ɗebo sabo, ban da gari ɗaya. Shekara biyu yana zubar da ƙasar Haɗejiya kaf duk mako, yana barin Tudun Fannami yadda take kafin ruwa, da gidajenta, da masallacinta, da kwatarta. Rahoton ƙarshe yana nan. Sunan mai rahoton na bogi ne, don shi da kansa ya tace shi, amma tsawon na Malam Inuwa ne.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Washegari na jira kowa ya fita sallar azahar, na juya masa kwamfutar.

"Abdulmannan, mene ne wannan?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. "Gida ne," in ji shi.

"Na san gida ne. Ka san a kan wannan nake gwada abin da za a gaya wa mutane su kwashi 'ya'yansu su koma? Ka san na yini ina zargin kaina?"

"Ki yi haƙuri, Adila. Laifina ne." Ya shafa fuskarsa. "Amma ba wannan ba ce ma matsalar. Iya ta ji."

Ashe duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yakan buɗe wa mahaifiyarsa kwamfutar aiki, ya nuna mata taswirar gwaji. Ta san tsohon hoto ne, ya gaya mata tun farko. Sai ta sa yatsa ta riƙa bin lungu lungu tana faɗin gidajen mutane, wa ya aurar da wa, gidan wa ake daka da asuba. Daga ƙarshe ta ce, "Ina ruwa?" ya ce, "Gwiwa, Iya." Ta ce alhamdu lillahi, ya rufe. Wannan Juma'ar da ta wuce kuwa, sabon aikina ya riga ya shiga, bai sani ba. Tana taɓa garin, na'ura ta yi magana da Hausa tangaram, ta ce ana iya komawa.

"Na ce mata gwaji ne," in ji shi. "Ta ce shekara biyu abin nan bai taɓa buɗe baki ba, don me zai yi magana yanzu in ba labari ya samu ba?"

Da yamma na bi shi gidan, wai in taya shi yi mata bayani. Iya Zinariya 'yar gajeruwa ce, mai kaifin ido, irin tsofaffin da ke gama karanta ka kafin ka gama cire takalmi. Na tarar da ƙulli a bayan ƙofa, babba, an ɗaure shi da tsohon zane. Tukwanenta biyu suna ciki, da irin shinkafa da ta aika aka sayo mata, da komar marigayi.

"Ke ce 'yar da ta koya wa abin magana?" ta tambaye ni. "Allah ya yi miki albarka. Zauna ki ci tuwo."

Na zo da jawabi a bakina, na tsara shi tun a hanya. Na zauna na ci tuwo. Tana ta ba ni labarin yadda za ta fara da share ɗakinta, da yadda a garin nan na birni mutane ke wuce juna da safe ba wanda ke tambayar ruwa, kamar ba a bakin kogi suke ba. Ta ce ba ta ƙi Haɗejiya ba, an riƙe ta da mutunci, amma tana son ta sake jin ƙarar sandar tuƙi tana bugun gefen kwale-kwale tun tana kwance. Na kalli Abdulmannan, ya sunkuyar da kai. Tausayinsu ya kama ni su biyun, fushin da na zo da shi ya bi iska. Na yi sallama, na fito da jawabina yadda na shiga da shi.

A ƙofar gida na ce masa, "Alhamis mai zuwa dole ka zubar da shi. Ba zan iya kai wa Musaddiq aikin da aka gwada a kan ƙarya ba."

"Na sani."

"To ita fa?"

"Idan na zubar, garin zai ɓace gaba ɗaya. Ba ja ba, ba kore ba, babu shi. Juma'a me zan nuna mata?" Ya kau da kai. "Kuma ni kaina, Adila, ban san inda ruwan yake ba yanzu. Tun da muka fito ban koma ba. Ban iya ba."

Ranar Asabar ya kira ni ya ce ya samu wani mai kwale-kwale, Buba, ɗan garinsu ne da ke zaune a wani ƙauye kusa. Ya ce Iya ba za ta yarda da bakinsa ba, gara ta gani da idonta. Na ce zan je. Ni 'yar cikin gari ce, ruwan da na sani bai wuce na famfo ba, amma na je.

Iya ta so a tafi da ƙullin. Da ƙyar ya lallashe ta cewa yau dubawa ce kawai. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, muka shiga kwale-kwale. Kacala ta fi tsawon mutum hagu da dama, sai wata siririyar hanya da masunta suka sare a tsakiya. Buba yana tuƙi yana ba Iya labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, tana amsawa, amma idonta yana gaba. Da muka fita fili, Buba ya tsayar da sandarsa ya ce, "To, Iya, ga mu a gari."

Ba gari. Ruwa ne shimfiɗe, da furen bado, da tsuntsaye. Can gefe wani guntun bango na siminti ya leƙo, Buba ya ce masallaci ne. Iya ta dubi bangon, ta juya ta nuna wani wuri da ni ban ga komai ba sai ruwa, ta ce, "Nan ne ɗakina." Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu a ruwan ta bar shi a ciki.

Giginyar tana nan. Kanta ya mutu ya faɗi, amma gangar jikin tana tsaye. Iya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce wa ɗanta, "Cire rigarka ka shiga."

"Iya?"

"Tsawonku ɗaya da babanku. Ni na sani, ni ke ɗinka muku wando. Shiga."

Ya miƙo mini waya da tabarau, ya zura ƙafa a hankali. Ɗan masuntan da bai iya jefa koma ba, amma ya san inda zai taka. Ya laluba har ya kai giginyar, ya juya ya jingina bayansa, ya miƙe. Muka jira har ruwan ya daina motsi.

"Ina ruwa?" in ji Iya.

Ya duba jikinsa. "Ƙirji, Iya."

Ta gyaɗa kai. "To. Ƙirji." Ta ciro hannunta daga ruwan ta goge a zane. "Buba, mu koma, kada rana ta yi mana."

A hanyar dawowa, da muka kusa gaɓa, Abdulmannan ya ce mini, "Ƙa'idar ta ce garin da ba kowa, kuma ba mai rahoto. Idan akwai mai rahoto fa?" Na ce ai sai a tambayi Musaddiq. Ranar Litinin ya same shi ya gaya masa komai, bai rage ba. Musaddiq ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Da ya huce ya ce rahoton ruwa daga tsakiyar wannan kwari abu ne da muke buƙata ma, idan akwai mai wahalar zuwa. Aka sake buɗe Tudun Fannami a rumbun gaske. Wajen yawan mutane aka sa babu, wajen mai rahoto aka sa Abdulmannan Inuwa. Wajen tsawo ba a canza komai ba.

Alhamis ta zo. Ina zaune kusa da shi lokacin da ya goge wancan umarni na togiya. Ya daɗe da yatsa a kan madanni, ni kuma karon farko a rayuwata ban ce masa ya yi sauri ba. Ya danna. Gidajen suka tafi, lungunan da Iya ke bi da yatsa suka tafi, rahoton Malam Inuwa na ƙarshe ya tafi. Da sabon ruwan ya cika, garin ya fito, ɗigo ɗaya ja, ba komai a kewaye da shi. Ya tashi ya fita baranda, na bar shi. Ni kuma na gyara nawa aikin, yadda idan rahoto ya tsufa murya za ta ce ba a sani ba, maimakon ta yi wa mutane alkawari.

Tun daga lokacin, duk wata yakan ware Asabar ɗaya ya bi Buba. Yakan dawo da cizon sauro da mura, wani lokaci da tarwaɗa a leda da yakan raba mana. Juma'a ba ya ƙara buɗe wa Iya kwamfuta, ta ce ba ta so, ja ba abin kallo ba ne. Amma duk ranar da ya dawo daga can, tana zaune a bakin ƙofa tana jiransa, kuma kafin ya cire takalmi take tambaya.

Da ranin bana na je gaishe ta, na tarar ya dawo ke nan, wandonsa bai gama bushewa ba.

"Ina ruwa?"

"Ƙugu, Iya."

"Ƙugu," ta maimaita, tana juya kalmar a bakinta. "Ya fara jin magana. Ranar da ya kai gwiwa, kada ka tsaya wanka, ka zo ka gaya mini."

"In Allah ya yarda, Iya."

Da zan fita na dubi bayan ƙofa. Ƙullin yana nan yadda ta ɗaure shi. Irin shinkafar ne kawai ta cire ta ba maƙwabta kada ya lalace, ta ce idan lokaci ya yi za ta sayi sabo.